Shayin da Ba a Dafawa: Darasi a Kan Shayin Dutse na Ƙasar Sin

 

Darasinmu na wannan fitowa ba miya ba ce, ba kuma cincin ba ne. Shayi ne. Na san za ki ce, yo shayi ma har sai an koya wa mace? Ni ma abin da na ce ke nan, kuma wannan magana ta jawo mini asara.

Maigidana yana zuwa birnin Guangzhou saro kaya. A wata tafiya, wani abokin cinikinsa ɗan ƙasar Sin ya ba shi tsarabar wani jan gwangwani, cike da 'yan ƙananan ledoji masu ƙyalli. Da ya iso gida ya miƙo mini ya ce shayi ne. Ban yi wata-wata ba na farke leda uku na juye a tukunya, na jefa citta da kanumfari, na bar shi ya yi ta tafarfasa, sannan na kawo suga da madara. Abin da ya fito baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, ga wani ƙauri kamar ƙanzon da ya kama gindin tukunya. Muka yi kurɓi ɗai-ɗai muka ture. Ragowar na ajiye a kantar kicin, kusa da robar daddawa. Sai da ya sake komawa, mutumin nan ya zaunar da shi a shagonsa ya haɗa masa irin wannan shayin da hannunsa, sannan ya dawo yana cewa, "Ashe ɓarna muka yi." Kuɗin gwangwanin nan ya fi na turmin atamfa mai kyau. Wanda ya rage kuwa, ko da muka buɗe, warin daddawa yake yi.

Yanzu da mazajenmu da 'ya'yanmu suke yawan zirga-zirga zuwa can, wasu fatauci wasu karatu, irin wannan tsaraba tana shigowa gidaje da dama. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya, don kada ki maimaita abin da na yi.

Wane irin shayi ne wannan?

Ki fara da sanin cewa duk shayi na gaskiya daga itace iri ɗaya yake fitowa. Baƙin shayin nan da muke sha da burodi, da koren ganyen da Buzaye suke dafawa a 'yar buta, da wannan da muke magana a kai, duk uwarsu ɗaya. Bambancin yana wajen sarrafawa. Kin ga yadda doya take rinewa idan kin yanka kin bar ta a iska? Haka ganyen shayi yake idan aka murza shi aka bar shi. Koren shayi, da an tsinko ake gasa shi ko a turara don a hana shi rinewa. Baƙin shayi kuwa barin sa ake yi ya rine gaba ɗaya. Akwai na tsakiya, wanda ake bari ya ɗan rine sannan a tsayar da shi da wuta. Shi ne ake kira ulong.

Ulong ɗin ma iri-iri ne. Namu na yau daga duwatsun Wuyi yake fitowa, a arewacin lardin Fujian da ke kudu maso gabashin ƙasar Sin. Mutanen can suna kiran sa yancha, wato shayin dutse, kuma haka za ki gan shi a rubuce a jikin wasu ledojin. Wuri ne na jajayen duwatsu masu tsayi da ƙoramu, inda ake shuka itacen shayi a cikin kwazazzabai da gefen tsaunuka, a ƙasa mai tsakuwa wadda ta samu daga rugurgujewar dutse. Ruwa ba ya kwanciya a irin wannan ƙasa, rana ba ta daɗewa tana dukan ganyen saboda inuwar duwatsu, ga hazo da danshi. Tun a ƙarni na 8 wani masani mai suna Lu Yu, wanda ya rubuta littafin farko da aka sani a kan shayi, ya nuna cewa shayi mafi kyau a cikin ruɓaɓɓen dutse yake tsirowa. A shekarar 1302 aka kafa gonar shayi ta sarki a Wuyi, a 1999 kuma hukumar UNESCO ta sa duwatsun a jerin wuraren tarihi na duniya.

Sau ɗaya ake tsinkar mai kyau a shekara, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu. Ba ɗanyen toho ake tsinka ba, sai ganyen ya buɗe, a karyo ganye uku ko huɗu tare. A shanya shi a rana ya yi laushi, sannan a shigar da shi ɗaki a riƙa girgiza shi a faifan gora, a ajiye ya huta, a sake girgizawa, a sake ajiyewa, haka har gari ya waye. Girgizar nan tana ƙuje bakin ganyen, sai gefensa ya yi ja tsakiyarsa tana kore. Mai aikin da hanci yake gane lokaci ya yi. Daga nan sai a soya shi a kasko mai zafi don a tsayar da rinewar, a murza shi ya zama dogayen silalla, a busar, a tsince karare da jajayen ganye marasa kyau.

Sai maganar wuta

A nan ne shayin dutse ya bambanta da sauran, kuma a nan ne sabon shiga yake ruɗewa.

Bayan an busar da shi ba a gama ba. A al'adance, akan cika rami da gawayi, galibi na itatuwan marmari masu ƙarfi waɗanda ba sa hayaƙi, a bar shi ya ruru, sannan a rufe garwashin da toka. A kan wannan toka ake ɗora kwandon gora mai ɗauke da ganyen. Ba harshen wuta, ba hayaƙi, sai zafi mai taushi da yake ratsowa ta cikin toka. Awanni ake yi ana gashin nan, wani lokaci fiye da goma, ana juyawa. Sai a sauke a bar shi ya huta makonni, a sake mayarwa. Wani sau biyu, wani sau uku. Shi ya sa ganyen da aka tsinka a Mayu ba ya isa kasuwa sai bayan watanni. A yau masana'antu da yawa da injin lantarki suke yi, amma masu daraja har yanzu da gawayi ake gasa su.

Ke da kika san suyar gyaɗa a yashi ba sai an yi miki dogon bayani ba. Gyaɗar da wuta ta ratsa a hankali tana da gardi har ciki. Wadda aka yi wa gaggawa kuwa, baya ta ƙone ciki ɗanye. To haka shayin nan yake. Gashi mai kyau yana ba shi gardi da ƙamshi irin na suga da aka narkar ya yi ja, ya kuma sa shi daɗewa bai lalace ba. Gashi marar kyau ƙauri ne kawai, kuma wasu 'yan kasuwa da gangan suke ƙona ganye mai arha don su ɓoye aibinsa.

Gashin hawa-hawa ne. Akwai mai sauƙin wuta, wanda ruwansa yake fitowa ruwan zuma mai haske, ƙamshinsa na fure. Akwai matsakaici, ruwansa kamar na lemo mai duhu. Akwai mai cikakkiyar wuta, ja mai duhu. Shawarata ga mai farawa ita ce matsakaici. Mai sauƙin wuta yana da daɗin shiga amma ba ya nuna miki ainihin halin shayin, mai cikakkiyar wuta kuma zai iya korar ki tun a kurɓin farko.

Wani abu kuma: shayin da bai daɗe da sauka daga gawayi ba, wutar tana nan a jikinsa, yana busar da maƙogwaro. Mutanen Wuyi sukan bar shi wata biyu, uku, har shida in mai nauyin gashi ne, wutar ta janye. Saboda haka idan kin ɗanɗana kin ji ƙauri ya yi yawa, kada ki zubar. Ki rufe shi da kyau ki manta da shi na ɗan lokaci.

Sunayen da za ki gani

Iri sun fi a ƙirga, amma uku ne za ki fi cin karo da su.

Shui Xian itace ne mai manyan ganye. Ruwansa yana da kauri da santsi a baki, ba ya da faɗa. Da shi nake so ki fara. Rou Gui kuwa ma'anar sunansa kirfa, ba don an sa masa kirfa ba, a'a, don ƙamshinsa yana da kaifi da ɗan yaji-yaji mai harbin harshe. Mutanen can suna cewa a wajen ƙamshi babu kamar Rou Gui, a wajen taushi babu kamar Shui Xian. Ki lura fa, shayin dutse na gaskiya ba a ƙara masa komai, ganye ne da wuta kawai. Idan kuma kika ji ana ce wa wani "naman sa" ko "naman doki" kada gabanki ya faɗi, babu nama a ciki. Laƙabi ne na Rou Gui da ya fito daga wani kwazazzabo mai suna Niulan Keng, wato kwarin garken shanu, da wani dutse mai suna Matou Yan, dutsen kan doki. Kalmar rou a harshensu tana nufin nama, shi ne suka yi wasa da ita.

Na uku shi ne wanda ya fi kowa suna, Da Hong Pao, wato babbar jar riga. Akwai tatsuniyoyi a kan yadda ya samu sunan, wai wani ɗalibi ne ya warke daga ciwo bayan ya sha, da ya samu muƙami ya dawo ya lulluɓe itatuwan da jar alkyabbarsa. Abin da yake tabbas shi ne akwai tsofaffin itatuwa shida a jikin wani dutse da ake kira Jiulongke, su ne iyayen wannan iri. A 2005 an yi gwanjon giram 20 na ganyensu a kan yuwan 208,000, daga 2006 kuma hukuma ta hana tsinkarsu kwata-kwata. Don haka duk wanda ya ce wa maigida yana da ganyen waɗannan itatuwa na sayarwa, ƙarya yake yi. Da Hong Pao na kasuwa ko dai daga rassan da aka dasa ne, ko kuma, wanda ya fi yawa, haɗi ne na ganye iri-iri. Haɗin ba laifi ba ne, wani yana da daɗi ƙwarai. Amma sunan kaɗai ba ya nuna inganci, don akwai na 'yan kuɗi kaɗan akwai na maƙudai, duk da suna ɗaya a jikin leda. Haka ma kalmar zhengyan, wadda take nufin daga tsakiyar duwatsun ya fito ba daga filayen gefe ba. Yankin nan ƙarami ne, amma ledojin da suke ɗauke da sunansa sun cika kasuwa.

Kayan aiki

Ba sai kin kashe kuɗi da yawa ba. Babban abin da ake buƙata shi ne ɗan kwanon tangaran mai murfi da 'yar faranti a ƙasa, wanda suke kira gaiwan. Yana cin ruwa mililita 100 zuwa 120, wato bai kai rabin kofin shayinmu ba. Yana da arha a can, ki ce a taho miki da guda biyu don faɗi-ka-mutu ne. Sai ɗan jug ƙarami da za ki riƙa juye shayin a ciki, da rariyar shayi, da 'yan ƙananan kofuna. Kofunan gilashin nan na shayin Buzaye sun wadatar. In babu gaiwan, ƙaramar butar tangaran ko ta gilashi za ta yi, amma banda wadda aka saba dafa shayi mai kayan ƙamshi a ciki, don citta da kanumfari ba sa barin buta.

Ruwa kuma ki ba shi muhimmanci. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ko mai kanwa yana kashe ɗanɗanon, ya sa wani dafi-dafi a saman kofi. Ruwan famfo mai warin magani shi ma haka. Ruwan roba mai kyau, marar ɗanɗano, shi ya fi. Kuma ki tafasa shi a butar da ba ta san komai ba sai ruwa.

Ga wata magana da ta shafe mu mu mata musamman. Kada ki zauna koyon wannan shayi bayan kin shafa humra a hannu, ko ɗaki yana tashin turaren wuta. Rabin daɗinsa a hanci yake. Ni nakan yi nawa da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, kafin in ɗora girki kuma kafin in yi turare.

Yadda ake haɗawa

Ƙa'idar a taƙaice ita ce ganye da yawa, ruwa kaɗan, lokaci gajere, a maimaita sau da yawa. Ba a ɗora ganyen a wuta, ba a sa suga, ba a sa madara. Idan kin taɓa zama wajen shayin Buzaye kin san ana fitar da zagaye uku daga ganye ɗaya, na farko mai ƙarfi na ƙarshe mai sauƙi. To wannan ma haka ne, sai dai shi ba a dafa shi, kuma mai kyau yakan kai zagaye bakwai ko takwas.

Ki tafasa ruwa sosai, ya kai digiri 100. Shayin dutse ba ya son ruwa mai ɗumi, don haka ruwan filas da ya kwana ba zai yi ba. Ki fara zuba ruwan zafin a gaiwan da jug da kofuna don su ɗauki zafi, ki zubar.

Ledojin nan galibi giram 8 ne ko ɗan sama da haka, kuma mutanen Fujian duka suke juyewa. Ke kada ki yi haka tukuna, zai yi miki ƙarfi. Ki sa giram 5 zuwa 6, wato kashi biyu cikin uku na ledar, ragowar ki naɗe bakinta ki ɗaure. Za ki ga ganyen ya kusa rabin kwanon, kada ki tsorata, haka ake so. Ki rufe, ki ɗan girgiza, ki buɗe murfin kaɗan ki shaƙa. Zafin kwanon zai tayar da ƙamshin busasshen ganyen. Wannan shi ne gaisuwarku ta farko.

Sai ki zuba tafasasshen ruwa ki tsiyaye nan take, ba tare da jira ba. Wannan ɗauraya ce, tana farkar da ganyen. Yawanci zubarwa ake yi.

Yanzu zagaye na farko. Ki zuba ruwa har ya rufe ganyen, amma kada ya kai bakin kwano. Ki rufe, ki ƙirga biyar zuwa goma, ki juye duka a jug ta cikin rariya. Na ce duka, har ɗigon ƙarshe, don ruwan da ya rage a ƙasa zai ci gaba da jiƙa ganyen ya ɓata zagaye na gaba da ɗaci. Daga jug sai ki rarraba a kofuna, ta haka kowa zai samu ƙarfi iri ɗaya. Zagaye na biyu da na uku, lokacin kusan ɗaya ne. Daga na huɗu ki riƙa ƙara daƙiƙa biyar zuwa goma kowane zagaye, can wajen ƙarshe har minti ɗaya ko biyu. Tsakanin zagaye da zagaye ki ɗan janye murfin don ganyen ya sha iska, ruwan kuma ki tabbata yana nan da zafinsa.

Riƙon gaiwan shi ne inda kowa yake ƙonewa, ni ma na sha. Ki karkata murfin kaɗan ya bar 'yar ƙofa da ruwa zai fita ganye ba zai bi ba. Babban yatsa da na tsakiya su riƙe leɓen kwanon, can sama inda ya buɗe, manuniya kuma ta danne kan murfin. Kada ki taɓa cikin kwanon, kada kuma ki cika shi fal, don cikawar ce take kai zafi leɓe. Ki yi gwaji da ruwan sanyi sau goma kafin ki taɓa na zafi. Kuma don Allah a nesanta yara masu rarrafe, a ƙasa kike ko a tebur.

In ranar ba ki da sukunin duk wannan, ki sa giram 3 a babban kofi, ki cika da tafasasshen ruwa, ki rufe da faranti minti biyu zuwa uku, ki tace. Zai yi daɗi, sai dai ba za ki ga yadda yake sauyawa daga zagaye zuwa zagaye ba, alhali nan ne karatun yake.

Yadda ake jin ɗanɗanonsa

Kada ki ji kunya idan kurɓin farko bai burge ki ba. Wani shahararren marubucin ƙasar Sin mai suna Yuan Mei, wanda ya yi littafi a kan girke-girke, ya faɗa da kansa cewa da can ba ya son shayin Wuyi, yana jin sa da ɗaci kamar magani. Sai a 1786 da ya ziyarci duwatsun aka ba shi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, ya shaƙi ƙamshin tukuna, ya riƙa kurɓa a hankali bai yi saurin haɗiyewa ba, sannan ya gane abin da ake yabo. In ɗan ƙasa masanin abinci ya yi wannan kuskure, ina ga ni da ke da muka tashi da shayi mai suga cokali uku?

Harshen da ya saba da suga, duk abin da babu suga ɗaci yake ji. Wannan yana ɗaukar kwanaki kafin ya gyaru. Ki yi haƙuri da kanki.

Kafin ki sha, ki ɗaga murfin gaiwan ki shaƙi cikinsa. A zagaye na farko da na biyu gashi za ki fi ji, kamar gasasshiyar gyaɗa ko ɓawon burodi. Kada ki yanke hukunci a nan. Wutar ƙofa ce kawai. Wajen zagaye na uku zuwa na biyar sai ta fara ja da baya, abin da ke ƙarƙashinta ya fito: wani ƙamshin fure, wani na busasshen dabino, wani na itace, Rou Gui kuma yajin nan nasa. Idan har zagaye na biyar babu abin da kike ji sai ƙauri, to ganyen ne ba shi da kirki, ba laifin hancinki ba ne.

Ki bar shi ya ɗan huce, don shan abu da zafi ƙwarai yana ƙona harshe kuma ba shi da kyau ga maƙoshi. Ki kurɓi kaɗan, ki juya shi a baki. Masu sana'ar sukan zuƙe shi da ƙara don iska ta watsa shi ko'ina. Na san mun hana 'ya'yanmu wannan ɗabi'a, to ki yi lokacin da kike ke kaɗai.

Abu biyu nake so ki iya rabewa, ɗaci da bauri. Ɗaci a harshe yake, bauri kuwa shi ne ɗaurewar baki irin ta ɗanyar ayaba ko ɗanyen kanya. Shayi mai kyau yana iya zuwa da kaɗan daga kowanne, amma sai su narke da sauri. Wanda ya maƙale ya ƙi tafiya, ko dai kin daɗe ba ki tsiyaye ba, ko ganyen ne. Bayan kin haɗiye kuma ki dakata, kada ki yi magana. Kin san yadda in kin ci goro ko miyar shuwaka, can sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro, in kin sha ruwa ki ji kamar an sa masa suga? Wannan zaƙi mai dawowa suna kiran sa hui gan, kuma yana daga manyan alamun shayi mai kyau. Wani har yawu za ki ji yana tsattsafowa a gefen harshe.

Sai abin da suke kira yan yun, wanda shi ne dalilin tsadar shayin, kuma su kansu masanan ba su gama yarda da juna a kan ma'anarsa ba. Kusan a ce amon dutse. Ni yadda nake jin sa shi ne kamar ruwan sabuwar randa, ko ƙamshin ƙasa a ruwan farko na damina, wani nauyi da sanyi da yake zama a baki da maƙogwaro bayan shayin ya wuce. Ba na so ki wahalar da kanki wajen neman sa a makon farko. Na yi watanni kafin in ce ga shi, kuma har yau wani lokaci ina shakkar ko shi ne. Mai sayarwa kuwa kullum zai ce akwai.

Da kin shanye, ki shaƙi ƙasan kofin bayan ya ɗan huce. Sau da yawa ƙamshin da ya fi daɗi a nan yake maƙalewa, kamar zuma. A ƙarshe ki juye ganyen a faranti ki taɓa. Mai kyau zai buɗe, ya yi laushi da sheƙi, wani ki ga 'yan ƙuraje a jikinsa kamar bayan kwaɗo, alamar wuta ta ratsa shi daidai. Wanda ya ƙone zai tsaya baƙi ƙandas, ya ƙi buɗewa, ya riƙa karyewa kamar gawayi.

Hanya mafi sauri ta koyo ita ce kwatantawa. Ki haɗa Shui Xian da Rou Gui a zama ɗaya, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya, ki riƙa kurɓar wannan ki kurɓi wancan. Abin da ba ki iya faɗa in shi kaɗai ne, sai ki ji ya fito fili. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta giram nawa, daƙiƙa nawa, me kika ji, da kalmominki na gida. In kin ji kamar ƙanzon shinkafa, ki rubuta ƙanzon shinkafa. Kuma in za ki gyara, abu ɗaya za ki sauya a lokaci guda. Ya yi ɗaci, rage lokaci. Ya yi salam, duba zafin ruwa tukuna kafin ki ƙara ganye.

Ga mai son saye da yawa, ki gaya wa maigida ya nemi a jiƙa masa zagaye ɗaya na minti biyu ko uku a shagon. Doguwar jiƙa tana tona asirin ganye. Mai kyau zai yi ƙarfi amma ya shawu, marar kyau zai yi tsami ko ya shaƙe wuya. Kuma ya fara da 'yan ledoji kaɗan daga iri biyu ko uku, ba kilo ba.

Lafiya da ajiya

Shayin nan yana da sinadarin kafeyin, kuma yadda ake cika ganye yana sa ya yi ƙarfi fiye da yadda ƙanƙantar kofin take nunawa. In aka sha shi da yunwa yana kawo jiri, rawar hannu da bugun zuciya. Kada ki yi buɗa-baki da shi, ki bari sai kin ci abinci. In jirin ya zo, dabino biyu ko uku suna taimakawa. Mai wahalar barci ta tsaya a hantsi ko azahar. Mai juna biyu, likitoci da yawa suna ba da shawarar kada kafeyin ya wuce miligiram 200 a rana daga duk abin da take sha, don haka ta rage ganye, ta tsaya a kofi kaɗan, ta kuma tambayi ma'aikatan asibiti wajen awo. Sannan shayi kowane iri yana rage yadda jiki yake ɗaukar sinadarin ayon mai ƙara jini. Mai ƙarancin jini, ko mai shan maganin ƙarin jini, ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin shayi da abinci ko maganin. Maganar da ake yi wai ulong yana narkar da teɓa, kada ki sayi mai tsada saboda ita.

Ajiya kuwa, kin riga kin ji abin da daddawa ta yi mini. Ganyen shayi yana zuƙe duk warin da ke kusa da shi, na kayan miya, na sabulu, na turare, na kananzir. Kada ya zauna a kicin, kada kuma ya shiga durowar da kike ajiye humra. Ba ya buƙatar firji, hasali ma danshin firji yana cutar da shi. Gwangwani mai rufuwa ruf, a wuri mai duhu da bushewa, shi ke nan. Da damina ki ƙara kula, don in danshi ya shige shi gardin yana gudu, ya koma wani ɗanye-ɗanye mai tsami. Ledar da ba a farke ba, in matsakaicin gashi ne ko mai nauyi, takan yi shekara biyu ko fiye lafiya lau, wasu ma sun fi daɗi a shekara ta biyu. Wadda kika farke kuwa ki shanye ta cikin mako ɗaya ko biyu. Ragowar kashi ɗaya cikin ukun nan da kika ɗaure, in kin tara na leda biyu, sun ishe ki wani zaman.